Kantar Kicin a Damagaram: Yadda Ake Zaɓen Abin Shimfiɗa da Haɗa Shi

Kantar kicin ɗin gidana, wato dogon teburin aikin girki da ke jikin bango, sau biyu na gina ta. Ta farko hoto na gani a waya, wani kicin fari fes kamar ba a taɓa soya albasa a cikinsa ba, na kai wa kafinta na ce irin wannan nake so. Ya yi mini ta katako da fomika a sama, daga bango zuwa bango. Damina biyu ta gani. Gefen wurin wanke-wanke ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, gindin tukunya ya bar baƙin zobe har uku kusa da murhun gas, gara kuma ta biyo ta bayan bango ta cinye ƙafafun. Ranar da na tsaya ina ta faɗa, uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, ai ba ka tambaye ni ba. Da ka tambaya, da na gaya maka tuwo ba ya tuƙuwa a kan wannan abin."

Gaskiya ta faɗa. Kanta ɗaya ce a ido, amma aiki uku take yi: tana ɗaukar wuta, tana shan ruwa, tana karɓar wuƙa. Abin da ke jure wannan ba lalle ya jure wancan ba, shi ya sa a gini na biyu na daina neman abu guda da zai rufe ko'ina, na ba kowane wuri abin da ya dace da shi. Ga yadda na bi.

Da farko, ɗauki kujera ka zauna ka kalli mai girki

Kafin ka kira magini, ka ba da kwana biyu ko uku kana kallo. Ina ake sauke tukunya idan ta bar wuta? Ina ake yanka tattasai da albasa? Ina ake jiƙa tsamiya, ina ake tace gasara? Ina kwanukan da aka wanke ke tsanewa? Ɗauki gawayi ka zana a bango: nan wuta, nan ruwa, nan yanka. Wurin yanka ya zauna a tsakiya, kuma kada ya gaza santimita 60 tsakanin murhu da wurin wanke-wanke. In ɗakin ya yarda, 80 ko 90 ya fi daɗin aiki.

Sai tsawo. Abin da aka saba shi ne santimita 85 zuwa 90 daga ƙasa, faɗi kuma 60. Amma kada ka bi al'ada ido rufe. Mai girkin ta tsaya, ta lanƙwasa hannu, ka auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta, ka cire santimita 10 zuwa 15. Tsawon wurin yankanta ke nan.

Wurin wuta kuwa lissafinsa daban, kuma nan ne masu kwafar hoton waya ke faɗuwa. Murhun gas na ɗorawa yana da nasa tsawon, tukunya ta hau kansa, ga muciya a sama. In kanta ta kai 90, bakin tukunya ya zo ƙirji, mai tuƙa tuwon gero sai ta yi ɗage, kafaɗa ta gaji kafin tuwo ya yi laushi. Ni na sauke ɓangaren murhu zuwa 70. A gidan da ake ɗora babbar tukunya, a yi ɗan dakali daban a gefe, wanda bai wuce gwiwa ba. Turmi kuma ba shi da wuri a kan kanta, ko da ɗan ƙaramin na daka tafarnuwa ne. A bar masa kusurwarsa a ƙasa. Na ga dutse mai tsada da taɓarya ta tsaga cikin wata guda.

Na biyu, gindin da zai ɗauki komai

A garin nan ban ba kowa shawarar ɗora kanta a kan akwatunan katako ba. Gara ba ta barci, ruwa kuma dole ya zuba. Abin da ya fi zama lafiya shi ne wanda maginanmu ke kira payas: ƙananan katangu na bulo, a zuba dal ɗin kankare a kai. Tazarar katangun kada ta wuce mita ɗaya. Kaurin dal santimita 6 zuwa 8 ya isa, da rodi mai lamba 8 da aka saƙa kamar raga, taki santimita 15, a ɗaga shi da 'yan tsakuwa don ya zauna a tsakiyar kankaren, ba ya kwanta a kan katako ba.

Kwaɓin kuwa buhun siminti ɗaya mai kilo 50, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa. Dal mai tsawon mita 3 da faɗin 60 da kaurin 7 ba ta ma cinye buhu guda, don haka babu dalilin yin rowar siminti a nan. Inda ake cutar kai shi ne ban-ruwa. Kankare yana buƙatar ya zauna da danshi aƙalla kwana bakwai, cikakken ƙarfinsa kuwa sai kwana 28. Na sani, a nan Zinder, wato Damagaram, cewa mutum ya riƙa zuba ruwa a kan siminti har mako guda magana ce mai nauyi, musamman a watan Afrilu da Mayu da jarka ke tsada a hannun 'yan garuwa. Dabarar ita ce a jiƙa tsofaffin buhunan algarara a shimfiɗa, a rufe da leda. Ruwa kaɗan safe da yamma ya wadatar.

Tun kafin a zuba, a bar ramin sinki da na bututu. Fasa dal bayan ta bushe neman tsaga ne. A ƙarƙashi kuma a auna wurin jarkoki, tunda famfonmu ba kullum yake amsa sallama ba, da wurin tukunyar gas. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gas ya shiga gidaje da yawa, amma har yanzu ana kulle tukunyarsa cikin akwati marar ƙofar iska. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. A bar masa huda daga ƙasa, ko ma a fitar da tukunyar waje ƙarƙashin inuwa.

Na uku, sanin halin kowane abu

Karo, wanda mutanen Kano ke ce wa tayil, shi ne na kowa. Ba ya tsoron gindin tukunya, ana samunsa a gari, in ɗaya ya fashe a cire shi a sa wani. Sai dai iri biyu ne, kuma mai shago ba lalle ya bambanta maka ba. Na bango sirara ne, cikinsa jar ƙasa ce mai shan ruwa, gwangwanin tumatir ya faɗo kansa ya ɓare. Wanda ake so shi ne na ƙasa mai tauri, wanda aka gasa da wuta sosai har ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Juya bayansa ka ɗiga ruwa: in ya tsotse nan take, ajiye shi. Ka nemi babba, 60 da 60, domin ya rufe faɗin kanta da guda ɗaya. Ciwon karo duk yana cikin tsagin da ke tsakaninsa. Nan manja ke shiga, nan ruwan nama ke kwana, nan kyankyasai ke kiwo. Duk yadda ka rage yawan tsagi, ka rage wa kanka aiki.

Giranit shi ne sarkin wurin wuta da na yanka. Abin dariya, garinmu a kan giranit yake zaune, duk wanda ya ratsa unguwar Birni ya ga manyan duwatsun nan, amma namu tsakuwa ake fasa shi. Falle mai sheƙi da aka yanka aka goge daga waje yake zuwa. Taurinsa ya fi na ƙarfen wuƙa, a ma'aunin taurin duwatsu yana tsakanin 6 da 7, don haka ba wuƙa ce ke cin sa ba, shi ke dakushe ta. Tsami bai cika damunsa ba. Ana sayar da mai kaurin santimita 2 da mai 3. Tunda a kan dal zai zauna, mai 2 ya ishe ka. Rauninsa biyu ne: wasu nau'o'in, musamman masu haske, suna shan mai, sannan gefensa yana ɓantarewa in an buga masa gindin tukunya.

Mabul kuwa, duk kyansa, ba na kicin ɗinmu ba ne. Taurinsa 3 ne kawai, kuma asalinsa dangin farar ƙasa ne, tsami na narkar da fuskarsa. Ka duba abin da muke taɓawa kullum: lemun tsami, tsamiyar kunu, zoɓo, tumatir, nono. Yayata ta shimfiɗa shi fari tas gab da azumi. Kafin Sallah duk inda kofin zoɓo ya zauna ya bar tambarinsa, ba tabon launi kaɗai ba, sheƙin wurin ne ya mutu, ba sabulun da zai dawo da shi. Na ce, "Yaya, ai da kin bar shi a falo." Ta ce in rufa mata baki. Shimfiɗar nan ta siminti da ɓarɓashin dutse da ake gogewa ta yi sumul, ita ma ciwonta ke nan, domin siminti kansa ba ya shiri da tsami.

Akwai kuma dutsen masana'anta da ake kira kwatz. Garin dutse ne kimanin kashi 90 cikin ɗari, sauran danƙon roba ne da launi. Ba ya shan mai, ba ya shan ruwa, gogewa ɗaya ya fita. Amma robar nan ba ta son wuta: zafi ya haura digiri 150 sai ta fara canza launi, kaskon suya da aka sauke yanzu kuwa ya wuce haka. Rana ma tana sa shi ya yi rawaya, saboda haka bai dace da kicin na rumfa ko na tsakar gida ba. Ƙurarsa lokacin yanka tana lalata huhu, har ƙasar Ostiraliya ta haramta aiki da shi daga 1 ga Yulin 2024. Duk wanda zai yanka maka shi, ko giranit ma, ya yanka da ruwa, ya rufe hanci, kuma a kori yara daga wurin.

Inoks, farin ƙarfen da ba ya tsatsa, shi ne abokin ruwa. Ba ƙofar da datti zai shiga, shi ya sa manyan gidajen abinci suka riƙe shi. Nemi mai lamba 304, wanda ke da kashi 18 na kuromiyam da 8 na nikel. Mutane na gwada shi da maganaɗisu, in bai kama ba su ce na gaske ne. Gwajin rabi ne: yana fallasa mai lamba 430 da maganaɗisu ke kamawa, amma mai lamba 201, wanda ya fi 304 araha ya kuma fi shi saurin ɗigon tsatsa, shi ma ba ya kamawa. Duba lambar da aka buga a jiki ko a kwali. Kaurinsa ya kai milimita ɗaya, in ba haka ba ya riƙa ƙara kamar garwa yana lotsawa.

Katako da fomika na riga na ba ku labarinsu. Iskar hunturu ta busar da katako ya tsuke, danshin Agusta ya kumbura shi, shekara biyu ya tsage. Amfaninsa a wurina ɗaya ne, allon yanka mai kauri da ake ɗauka a wanke a jingine. Fomika kuwa sai busasshen wuri, inda ake ajiye filas da kwanuka.

Na huɗu, je shago da kayan gwajinka

Kada ka zaɓi dutse a hoto. Roƙi guntun da ya rage daga yanka, ka zo da shi gida. Ɗiga ruwa a gefe ɗaya, manja a wani, ka matsa lemun tsami a na uku. Bayan minti goma sha biyar ka goge. In wurin ruwa ya yi duhu, dutsen mai sha ne, sai an shafa masa maganin toshe ƙofofi kafin a fara aiki a kai, a kuma riƙa sabuntawa. In wurin lemu ya dushe, ba giranit ba ne ko da an rantse maka, dangin mabul ne. Manjan ka bar shi ya kwana ka ga abin da zai bari.

Launi ma ka gwada shi da ƙurar garin nan. Baƙi mai sheƙi yana ɗaukar ido a shago, amma daga Disamba zuwa Fabrairu sai ka rubuta sunanka da yatsa a kansa sau uku a rana, ga farin tabon ruwa da sabulu. Fari kuma yana tona asirin manja da kori. Mai ruwan toka da ɗige-ɗige, ko mai launin ƙasa, shi ke rufa wa mai gida asiri.

Na biyar, haɗawa

Nan ne aikin yake. Wanda aljihunsa bai yi nauyi ba, ya shimfiɗa karo mai tauri ko'ina, ya sa sinki na inoks mai haɗe da matsanar kwanuka, sannan ya sayi guntun giranit ɗaya, kamar 60 da 80, ya dasa shi tsakanin murhu da sinki. Guntaye irin wannan ragowar aikin wasu ne, ana samunsu da sauƙin kuɗi. Wannan haɗin na yi, kuma da za a ce in sake, shi zan sake. Mai hali ya sa giranit daga murhu har wurin yanka, inoks a ɓangaren ruwa gaba ɗaya, karo a bango. Mai son kwatz ya ajiye shi can nesa da wuta, wurin zuba abinci. Abu uku sun isa. In sun wuce haka kicin ya koma shagon samfur, kuma kowace mahaɗa ƙofa ce ta ruwa.

Abin da magini zai manta in ba ka tsaya a kansa ba shi ne bambancin kauri. Giranit mai santimita 2 da kwaɓin da ke ƙarƙashinsa ya kai 3. Karo da simintin manna shi bai wuce ɗaya da rabi ba. In aka ɗora su a kan dal mai fuska ɗaya, sai a sami tudu a tsakani, tukunya ta riƙa tuntuɓe, datti ya taru a lungun. Saboda haka a fara zaunar da mai kauri, sannan a cike ƙarƙashin siririn har fuskokinsu su daidaita. Ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya a kan mahaɗar, in haske na ratsawa ta ƙasa, a sake. In kuwa bambancin da gangan ne, kamar ɓangaren murhu da aka sauke, to a bar shi ya fito sosai, a rufe goshin matakin da karo ko guntun dutse.

Mahaɗar abu biyu mabambanta ba a cike ta da siminti. Ƙarfe na miƙewa da zafi fiye da dutse, simintin sai ya tsage ya zube. A bar tsagi na milimita 3 a cike da silikon, irin na wurin ruwa mai hana baƙin danshi. Haka tsakanin kanta da bango, haka kewayen sinki. Kuma kada mahaɗa ta faɗo daidai ramin sinki ko ƙarƙashin murhu, a matsar da ita gefe, kan ɗaya daga katangun ƙasa.

Bakin kanta ya leƙo santimita 2 ko 3 gaban ƙofofin ƙasa, don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi katako. Bakin giranit a goge shi ya yi kumbo, kaifin kusurwa ne ke fara ɓantarewa, shi ne kuma daidai goshin yaro ɗan shekara uku. Bakin karo a sa masa ƙarfen gefe. Bango kuma a bi shi da karo aƙalla santimita 60 sama da kanta, a nan ne na bangon nan mai araha ke da amfani.

Na shida, awo da jigila

Ba a yanka dutse da awon takarda. Katangunmu ba kasafai suke miƙewa ba, kusurwar da ka ɗauka daidai ce sai ka tarar ta buɗe da yatsa biyu. Bayan dal ta bushe an yi shafe, a shimfiɗa kwali a kai, a yanka shi daidai da wurin, da ramin sinki da komai, a rubuta gaba da baya, a kai wa mai yanka. Ramin sinki a bar masa gefe na santimita 7 ko 8 gaba da baya, kusurwoyinsa kuma a zagaye su, domin tsaga daga kusurwa mai kaifi take farawa.

Giranit mai kaurin 2 yana da nauyin kusan kilo 54 a kowace murabba'in mita. Falle mai tsawon mita 2 da faɗin 60 ya kai kilo 65, ga shi ba ya lanƙwasa. Ko daga Kano ya taso ta Matamaye, ko daga Yamai mai nisan kusan kilomita 900, a tsaye ake ɗaukarsa, a jingine a kan katako da tsohuwar taya, ba a kwance ba. A kwance, rami ɗaya a hanya ya raba shi biyu. Ku yi magana da direba tun a tasha kan wanda zai ɗauki asara in ya fashe. In za ka iya, raba shi gida biyu gajeru, ya fi doguwar guda sauƙin isowa lafiya. Karo kuma ka ƙara kashi goma a kan lissafinka, ka ɓoye uku ko huɗu a ɗaki. Irin da ka saya bana da wuya ka same shi baɗi.

Bayan an gama

Sabulu da ruwa da tsumma sun ishi dukansu. Ruwan jabel, wato bilic, kada ya kwana a kan inoks, yana huda shi ɗigo-ɗigo, kuma soson ƙarfe na barin ɓurɓushin da ke tsatsa a kai. Ruwan wanke bayi mai tsami kada ya kusanci tsagin karo. Allon yanka a yi biyu, na nama daban na ganye daban, a shafa musu man farafin na farmasi, ba man gyaɗa ba, wanda ke canza wari in ya daɗe.

Kafin ka biya cikon kuɗin aiki, cika buta ka zuba a kan kanta kusa da sinki, ka tsaya ka ga inda ruwan ya nufa. Sinki ya kamata ya bi. In ya gangara bango, ko ya kwanta a tsakiya, aiki bai ƙare ba. Ka kuma ƙwanƙwasa kowane karo da gindin cokali, wanda ya yi ƙarar ganga ƙarƙashinsa fanko ne, tukunya ta farko za ta fasa shi. A nawa guda biyu na samu, daidai gefen murhu. Magini ya ce, "Alhaji, ai wannan ba komai." Uwargida ta miƙo masa cokalin ta ce, "Malam, buga da kanka ka ji." Ya buga, ya yi shiru, ya aika yaronsa ya ɗauko kurfi da guduma.